A Kan Sawun 'Yancin Gana: Zagayen Tsohuwar Akra

Kusan dukkan wuraren da aka yi gwagwarmayar neman 'yancin Gana a birnin Akra suna jere ne a bakin teku, daga unguwar Jamestown ta yamma zuwa Osu ta gabas, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi ƙarfin mai tafiya a ƙasa ba, muddin yana da juriyar rana. A wannan ɗan tsirin ne aka harbe tsofaffin sojoji a 1948, a nan aka kulle Kwame Nkrumah a 1950, a nan kuma ya tsaya da tsakar dare a 1957 ya shaida wa jama'a cewa mulkin Ingila ya ƙare. Ziyarar dangi ce ta kai ni Akra, amma da yake na daɗe ina son ganin waɗannan wurare da idona, sai na roƙi mai masaukina a unguwar Nima ya samo mini wanda ya san su. Ya haɗa ni da wani matashi ɗan zango da ya karanta tarihi, wanda sana'arsa ke nan zagayawa da baƙi, yana jin Hausa da Turanci da Ganci, wato yaren kabilar Ga ta Akra. A ranar akwai wasu baƙaƙen fata 'yan Amurka da kuma ɗalibai kaɗan a ayarin, saboda haka yakan yi bayani da Turanci, in muka kama hanya kuma ya matso kusa da ni ya ƙara mini da Hausa.

Na ɗauka daga kabarin Nkrumah za mu fara, amma jagoran ya ce a'a. "Baba, in ba a fara daga inda jini ya zuba ba, sauran labarin ba zai zauna ba." Don haka da sassafe muka sauka a mararrabar Christiansborg, inda hanyar cikin gari ta rabu ta nufi fadar Osu, mazaunin gwamnan Turawa a da. Wurin ba shi da wani kwarjini a ido, titi ne da motoci ke wucewa, sai ɗan fili da aka kafa siffofin mutum uku a cikinsa: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Kowace shekara ranar 28 ga Fabrairu sojoji da manyan gwamnati suna zuwa su ajiye furanni a nan, titin ma sunan ranar aka sa masa.

Abin da ya kawo waɗannan mutane mararrabar yana da tushe. Fiye da mutum 60,000 daga Gold Coast, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin, sun yi wa Ingila aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a dazukan ƙasar Bama ta nahiyar Asiya. Sun dawo da alkawarin fansho da aikin yi, suka tarar babu aikin, fanshon bai kai ya kawo ba, kayan masarufi kuma sun yi tashin gwauron zabo, domin manyan kamfanonin Turawa sun haɗa kai su ke yanke farashi. Manoman koko suna cikin nasu fushin, saboda gwamnati ta sa ana sare musu itatuwa da sunan yaƙi da cutar da ta kama gonaki. A ranar 26 ga Janairun 1948 wani basaraken Osu, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan Turawa, aka yi wata guda ana yi, aka kuma shirya janyewa ranar 28 ga Fabrairu bisa alkawarin za a rage farashi. A wannan rana ce tsofaffin sojojin suka yi jerin gwano ba tare da makami ba, da takardar koke a hannu, suna son miƙa ta ga Gwamna Gerald Creasy.

Jagoran ya tsayar da mu daidai inda 'yan sanda suka tare hanya, ya nuna mana fadar can gaba, fara fat a bakin ruwa. Shugaban 'yan sandan, wani Bature mai suna Colin Imray, ya ba da umarnin a buɗe wuta, da ya ga yaransa sun yi sanyin jiki sai ya karɓi bindiga ya yi harbin da hannunsa. Mutum uku suka faɗi. Kafin faɗuwar rana labari ya game gari, jama'a suka far wa kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Siriya da Labanan, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, ta ɗauki kwanaki, aka rasa rayuka 29, fiye da 200 suka jikkata. Gwamna ya ɗora laifin a kan shugabannin jam'iyyar UGCC, wadda aka kafa a garin Saltpond ranar 4 ga Agustan 1947, ya sa aka kama shida daga cikinsu a watan Maris aka rarraba su a garuruwan arewacin ƙasar. Su ne J. B. Danquah, da Edward Akufo-Addo, da William Ofori Atta, da Emmanuel Obetsebi-Lamptey, da Ebenezer Ako Adjei, da sakataren jam'iyyar, Kwame Nkrumah, wanda bai fi wata uku da dawowa gida ba bayan shekara 12 a Amurka da Ingila. Kamun da aka yi don a karya su shi ne ya sanar da ƙasa sunayensu. Kwamitin Watson da aka turo daga Landan ya binciki tarzomar ya ce tsarin mulkin da ake kai ya tsufa, dole a sake shi.

Na daɗe a tsaye gaban siffofin nan uku, domin labarin sojan wannan ƙasa ya shafe mu kai tsaye. Tun 1873 Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausa daga Legas don yaƙin Asante, a 1879 aka kafa rundunar tsaron Gold Coast da irin waɗannan mutane, ita ce kuma ta zama rundunar soja a 1901, shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki. A Bama ma runduna ta 81 da ta 82 sun haɗa 'yan Gold Coast da 'yan Najeriya a fagen fama guda, shi ya sa a garuruwanmu ake da 'yan mazan jiya da suka tsufa suna ba da labarin Bama, a Akra kuma hedkwatar sojoji sunan Bama take ɗauke da shi har yau. Wannan tarihi yana da ɓangaren da ba ya da daɗin faɗa, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba: da hannun sojojin Hausa Turawa suka ci Kumasi a 1874, da su kuma suka murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900. Rundunar da ta taimaka aka kafa mulkin mallaka, ita ce tsofaffin 'ya'yanta suka zo wannan mararraba suka girgiza shi.

Fadar Osu 'yan Denmak ne suka gina ta a wajejen 1660, suka yi cinikin zinariya da bayi a cikinta, suka sayar wa Ingila a 1850. Da aka ɗauke babban birni daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, sai ta zama mazaunin gwamna, bayan 'yanci kuma shugabannin Gana suka ci gaba da mulki daga cikinta har 2013. Jagoran ya ba mu labarin Asameni, wani ɗan kasuwar Akwamu da ya shiga fadar a 1693 da mutanensa da sunan sayen bindigogi, suka ƙwace ta, ya riƙe ta kusan shekara guda yana ciniki da jiragen Turawa, sannan aka mayar wa 'yan Denmak da ita bisa biyan kuɗi, amma makullan ba a mayar ba, suna hannun masarautar Akwamu har gobe. Daga nan muka ratsa Dandalin Baƙin Tauraro, wani makeken filin fareti da aka kammala a 1961, muka tsaya a ƙofar da ke ɗauke da baƙin tauraro a bisa da rubutun 1957 da taken ƙasa, wato 'yanci da adalci. Wuri ne mai kyau a hoto, amma ba a nan aka yi wahalar ba, don haka ba mu ɓata lokaci ba muka hau mota zuwa Jamestown.

Jamestown unguwar masunta ce ta kabilar Ga, kuma tun kafin mutum ya sauka warin kifi da hayaƙin banda suke tarbarsa. A gindin hasumiyar jirage mai ja da fari ake hango kwale-kwale masu tutoci sun cika gaɓa, a gefe guda kuma ga sansanin James, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673 don cinikin bayi, daga baya aka mayar da shi gidan yari, bai daina karɓar fursunoni ba sai a 2008. Ginin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979, amma gishirin teku ya cinye fentinsa, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a tsagar bango. Mai gadin ya buɗe mana, muka bi wani siririn lungu har ɗakin da ake nunawa a matsayin inda Nkrumah ya zauna. Ɗaki ne ƙarami, tagarsa tana can sama an gitta mata ƙarafa, ƙasa siminti ne tsura, iska ba ta shiga sai ƙarar igiyar ruwa. Muna mu kaɗan amma zufa ta jiƙa mu cikin ɗan lokaci, alhali a zamaninsa mutum goma ko fiye ake cusawa a irinsa, da bokiti guda a kusurwa don biyan bukata.

A bakin wannan ɗaki ne jagoran ya yi mana bayanin yadda tafiyar ta rabu biyu. Shugabannin UGCC lauyoyi ne da 'yan kasuwa da 'ya'yan sarauta, suna son mulkin kai cikin mafi ƙanƙancin lokaci, ta hanyar shawara da gyaran doka, kuma da aka kafa kwamitin Coussey a 1949 don tsara sabon tsarin mulki, sun shiga an bar Nkrumah a waje. Shi kuwa cewa ya yi mulkin kai yanzu-yanzu. Ranar 12 ga Yunin 1949 ya kafa jam'iyyar CPP a gaban dubban mutane a Akra, ya jingina da matasan da suka gama firamare ba aiki, waɗanda abokan hamayya ke yi wa gorin kwana a barandar mutane, da direbobi, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da matan kasuwa da suka riƙa ciyar da tafiyar da kuɗinsu. A ranar 8 ga Janairun 1950 ya kira yajin aiki da ƙin ba gwamnati haɗin kai ba tare da tashin hankali ba, aka kama shi, aka yanke masa shekara uku.

Daga cikin wannan kurkuku ya ci gaba da jan ragamar jam'iyya, yana rubuta umarni a kan takardar bayan gida, ana fitar da ita a ɓoye zuwa ga Komla Gbedemah, wanda ya riƙe yaƙin neman zaɓe a waje. A zaɓen Fabrairun 1951 CPP ta ci kujeru 34 daga cikin 38 da jama'a suka zaɓa, shi kansa fursunan ya ci mazaɓar tsakiyar Akra da ƙuri'a 22,780 daga cikin 23,122. Gwamna Charles Arden-Clarke ya auna lamarin ya ga babu wanda zai iya kafa gwamnati in ba shi ba, ya sake shi ranar 12 ga Fabrairu, washegari ya kira shi fadar Osu ya ba shi jagorancin harkokin gwamnati, a 1952 kuma aka mayar da muƙamin ya zama Firayim Minista. Da muka fito ƙofar gidan yarin jagoran ya nuna mana titin da jama'a suka cika a ranar, suka ɗauke shi a buɗaɗɗiyar mota. Waɗanda suka sha ɗauri tare da shi daga baya sun riƙa sa farar hula mai harufan PG, ma'ana sun yi digiri a kurkuku, ɗaurin ya zama abin alfahari a wurinsu. A ganina, duk cikin zagayen babu wurin da ya kai wannan gini muhimmanci, kuma babu wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Ya cancanci gyara da kulawa fiye da yadda na same shi.

Sansanin Ussher yana 'yar tazara kaɗan gabas, 'yan Holan suka gina shi a 1649, ya koma hannun Ingila a 1868, shi ma ya yi zaman gidan yari, yanzu kuma akwai ɗan gidan tarihin cinikin bayi a ciki. Mun leƙa, muka ci gaba da tafiya a babban titi ta gaban tsofaffin kantuna da bankuna, har muka isa inda a da yake filin wasan folo na Turawa, wanda a yau shi ne Lambun Tunawa da Kwame Nkrumah.

An yi wa lambun gagarumin gyara, aka sake buɗe shi a Yulin 2023, kuma bambancinsa da Jamestown a bayyane yake: ga ɗakin karɓar baƙi, ga ciyawa shar, ga ma'aikata da kaki. Hanya ta ratsa tsakanin tafkuna biyu da aka jera wa siffofin masu busa ƙaho a durƙushe, ta kai ga mutum-mutumin Nkrumah na tagulla, ya miƙa hannu yana nuna gaba, an kafa shi a daidai inda ya tsaya a daren 5 ga Maris wayewar 6 ga Maris na 1957. Jagoran ya ce mu rufe ido mu ƙiyasta filin cike da mutane, an sauke tutar Ingila an ɗaga mai ja da ruwan ɗorawa da kore da baƙin tauraro a tsakiya, wadda wata malamar makaranta, Theodosia Okoh, ta zana. Nkrumah ya hau dandamali tare da Gbedemah da Kojo Botsio da Krobo Edusei da Archie Casely-Hayford da N. A. Welbeck, ya ce a ƙarshe dai yaƙi ya ƙare, Gana ƙasarku abar ƙauna ta sami 'yanci har abada. Ya kuma ƙara da maganar da ta fi kowace bin duniya, cewa 'yancin Gana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da nahiyar Afirka baki ɗaya. Cikin baƙin da suka halarci bikin akwai mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon da Martin Luther King.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hoton wannan dare shi ne tufafinsu. Dukansu mutanen kudu ne, amma ba kwat suka sa ba, ba kuma zanen kente na sarakunan Asante ba, sai saƙaƙƙiyar rigar arewacin Gana da ake kira fugu ko batakari, rigar manomi da ɗan ƙwadago da mai gadi. Turawa sun bar arewa a baya da gangan, ba makarantu sai ƙalilan, don ta zama rumbun leburorin ma'adinai da gonakin koko da sojoji. Sa wannan riga a irin wannan dare saƙo ne cewa sabuwar ƙasar ta haɗa da su, kuma gwamnatinsa ta bi saƙon da aiki, ta ba 'ya'yan arewa ilimi kyauta, abin da dattawan Tamale da Bolgatanga ba su manta ba.

Kabarin yana ƙarƙashin wani dogon gini na marmara mai launin toka, wanda Don Arthur ya zana, wasu suna fassara siffarsa da takobi da aka kife, alamar zaman lafiya a wurin kabilar Akan, wasu kuma da kututturen itace da aka sare wa kai. Matarsa Fathia, 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007, tana kwance a gefensa. Wannan ne makwancinsa na uku. Sojoji da 'yan sanda sun kifar da gwamnatinsa ranar 24 ga Fabrairun 1966 yana kan hanyar Hanoi neman sulhun yaƙin Biyetnam, Sekou Toure ya karɓe shi a Gini ya ba shi matsayin abokin shugabanci, yana rama alherin bashin fam miliyan 10 da Gana ta ba Gini a 1958 lokacin da Faransa ta juya mata baya. Ya rasu a wani asibiti a Bukares ta Romaniya ranar 27 ga Afrilun 1972, aka fara binne shi a Konakiri, aka dawo da shi ƙauyensu Nkroful, sannan aka kawo shi nan a 1992. A bayan ginin akwai wani tsohon mutum-mutuminsa da ya taɓa tsayawa a gaban majalisa, wanda masu murnar juyin mulki suka tumɓuke. Ba shi da kai, hannu ɗaya ya karye, kan kuma yana ajiye a gefe a kan nasa dutsen, domin sai a 2009 wanda ya ɓoye shi ya dawo da shi. Na yaba wa waɗanda suka yanke shawarar kada a liƙa kan, a bar shi yadda aka same shi.

A inuwar wata bishiya kusa da wannan gunki ɗaya daga cikin 'yan Amurkan ta tambayi jagoran yadda aka yi mutanen da suka yi rawa a 1957 suka sake yin rawa a 1966. Bai yi dogon jawabi ba, sai ya zaro takardar sidi 10 daga aljihu, ya shimfiɗa ta a tafin hannu, ya riƙa ɗora yatsa ɗaya bayan ɗaya a kan fuskoki shidan da ke jikinta, na shugabannin UGCC da aka kama a 1948. Danquah, wanda ya yi fafutukar a sa wa ƙasar suna Gana, ya kuma kara da Nkrumah a zaɓen shugaban ƙasa na 1960, ya mutu a kurkukun Nsawam a Fabrairun 1965, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. Obetsebi-Lamptey ya rasu a 1963 bayan tsarewa a wannan kurkukun. Ofori Atta ya sha tsarewa. Ako Adjei, wanda shi ne ya ba da shawarar a kira Nkrumah daga Landan, an zarge shi da hannu a harin bam da aka kai wa Nkrumah a garin Kulungugu a 1962, kotu ta wanke shi, aka kori alƙalin alƙalai, aka sake shari'a aka yanke masa hukuncin kisa, juyin mulki ne ya fito da shi. Akufo-Addo yana cikin alƙalan da suka wanke shi, shi ma aka raba shi da kujerarsa a 1964. Dokar tsare mutum har shekara biyar ba shari'a an kafa ta tun 1958, a 1964 kuma ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya.

Jagoran bai tsaya nan ba, ya lissafa madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantun da aka gina, da taron al'ummomin Afirka na Disambar 1958 da ya tara irin su Patrice Lumumba da Tom Mboya a Akra, ya kuma tuna mana cewa an yi ta yunƙurin kashe Nkrumah, har mai tsaron lafiyarsa ɗan arewa, Salifu Dagarti, ya rasa ransa a harin Janairun 1964. Wannan adalci nasa ya ƙara masa daraja a idona, domin a Gana maganar wa ya kafa ƙasa ba ta mutu ba. A 2009 an ware ranar haihuwar Nkrumah, 21 ga Satumba, a matsayin ranar wanda ya kafa ƙasa, a 2019 gwamnatin Nana Akufo-Addo, ɗan Edward, ta mayar da girmamawar kan ranar 4 ga Agusta, ranar kafa UGCC, don a haɗa da sauran, kuma har yanzu kowane ɓangare yana kan bakansa. Ni dai ra'ayina shi ne, ba don Nkrumah ba da 'yancin bai zo a 1957 ba, kuma babu ɗan Afirka da zai tsaya a wannan fili bai ji nauyin bashin da ake binsa ba; amma hakan bai halatta mutuwar Danquah a kurkuku ba, kuma lambun da ya iya nuna gunki marar kai zai iya ware bango guda ya rubuta sunayen waɗanda aka tsare.

Akwai wani babi da ba ya cikin zagayen da aka saba yi wa baƙi, jagoran ya ba ni shi ne mu biyu a motar da ta mayar da mu Nima. Ya ce, "Baba, namu labarin ba a rubuta shi a marmara ba." Mutanen zango sun riga 'yanci zama a wannan ƙasa da nisa. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kumasi da Akra da sauran garuruwa, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akra a farkon ƙarni na 20. Da siyasar jam'iyyu ta zo, wasunsu sun bi CPP, wasu kuma suka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP a 1954, suka haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Asante da jam'iyyar mutanen arewa, waɗanda ke neman tsarin tarayya don kada komai ya taru a hannun Akra. CPP ta yi nasara a zaɓen 1956 da kujeru 71 daga cikin 104, aka tafi a kan tsarin gwamnati ɗaya.

Kimanin wata biyar kacal bayan daren filin folo, gwamnati ta ba da umarnin korar manyan zangon Kumasi biyu da ke ɓangaren adawa, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, a kan cewa baƙi ne. Suka garzaya kotu suna cewa a ƙasar aka haife su, kafin alƙali ya yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka tsayar da shari'ar, aka tura su Najeriya. A ƙarshen shekarar aka haramta duk jam'iyyar da ta ginu a kan addini ko ƙabila ko yanki, MAP ta narke cikin haɗakar 'yan adawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin gwamnatin da ta fi kowace kiran haɗin kan Afirka ita ce ta fara amfani da iyakar da Bature ya shata a kan mutanen da kakanninsu suka yi ta zirga-zirga tun babu iyakar. Waɗanda suka gaje ta sun fi ta tsanani: a Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, dubban ɗaruruwa suka bar gidaje da shaguna, da yawansu ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. Mu ma a Najeriya ba mu da bakin zargi, tunda a 1983 gwamnatinmu ta kori baƙi da suka haɗa da 'yan Gana kimanin miliyan guda.

Bayan sallar isha'i na maimaita wa mai masaukina abin da na gani da abin da na ji. Dattijo ne da aka haifa a Akra kafin 'yanci, ya ce yana yaro aka raba musu ƙananan tutoci a makarantar allo suka fita titi, kuma yana saurayi ya raka maƙwabtansu tasha a 1969 da tabarmi da tukwane a ka. Ya ce har yau idan jikokinsa suka je yin katin ɗan ƙasa, sunansu kawai za a ji a fara tambayar garin kakansu, alhali kabarin kakan yana nan cikin Akra. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga lambun Nkrumah tun da aka gyara shi, ya ce bai shiga ba, amma yana so a kai shi kafin ƙafa ta gaza, domin Nkrumah nasu ne duk da abin da ya faru. Na kira jagoran a waya muka sa rana, na kuma roƙe shi idan sun je ya fara da dattijon daga mararrabar Osu, ya bar shi ya yi magana, don akwai abin da zai ƙaru da shi na zagayen da yake yi wa baƙi.